Saura Katifa

Ranar Litinin da safe, tun Auta ba ta ajiye jakarta ba, Manaja ya miƙo mata naɗin sitika da takarda mai shafi uku. Ba ta tambayi ko na mene ne ba. Duk ranar da aka tarbe ta da wannan naɗi, to kaya sun sake tashi, kuma ita ce za ta bi kantin layi-layi tana manna sabon farashi a kan tsoho.

Kanti ne na kayan gida, babba mai ƙofar gilashi, tun daga cokali har firji. Shekararta huɗu tana aiki a cikinsa. A shekarar farko sau biyu kacal ta yi wannan manne-manne, har ma yana yi mata daɗi don yana raba ta da tsayuwar bakin ƙofa. Bana kuwa ta daina ƙirgawa. Mai kantin ya hana a ɓare tsohuwar sitika, wai farce yana kankare masa fenti, sai dai a ɗora sabuwa a kai. Akwai wani bokitin roba da ya daɗe bai sami mai saye ba, in ka shafa gefensa sai ka ji tudu.

Kowa a gari kukan tsadar abinci yake yi, kuma da gaskiyarsa. Amma abinci ko kana mita sai ka saya. Auta ita ta san ɗaya tsadar, wadda ba ta da hayaniya, ta sabulu da takalmi da labule da ƙwan lantarki. Wannan ba ta sa mutum ihu, sai dai ta sa ya ce bari wata ya ƙare. Kullum tana ganinsu. Mace za ta ɗaga dutsen guga, ta juya shi, ta leƙa sitika, ta mayar da shi a hankali kamar mai kwantar da jariri, ta ce za ta zagayo. Ba ta zagayowa. In ma ta zagayo bayan wata biyu, da kuɗin wancan farashin take zuwa, shi kuwa dutsen guga bai tsaya jiranta ba.

Ta buɗe shafi na uku tana addu'a a ranta. Katifar gadon mutum biyu, layi na tara. Ta karanta, ta sake karantawa. An ƙara mata kashi ɗaya cikin huɗu.

Ta dafa wani firji da ke kusa.

“Lafiya dai, Auta?” in ji Manaja.

Ta ce lafiya lau, jiri ne kawai. Ya dube ta da wannan tausayin nasa da ta tsana, ya ce ta zauna tukuna, aikin ba gudu zai yi ba.

Manaja ƙanen mai kantin ne. Ba mummuna ba ne, ba kuma mai tsawa ba. Mutum ne mai ƙamshi, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda wata shida ke nan yana zuwa gidansu da sunan gaishe da Baba, kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Yau takalmi ga Baba, gobe injin markaɗe ga Inna. Bai taɓa matsa wa Auta ba. Jira kawai yake yi, irin jiran wanda ya san motar da ake rububi a kanta tasa ce.

Wanda take so kuwa malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare da ke ƙarshen layin bas. Dogo ne siriri, kullum da ƙurar alli a hannun rigarsa. Malam take ce masa, ko a cikin faɗa, ko a cikin wasa. Shekara uku suna tare kafin ya je gaban Baba, kuma ranar da ya je Baba bai yi masa kwana-kwana ba.

Baba tsohon direban kamfani ne, fanshonsa a da yana riƙe gida, yanzu ko rabin wata ba ya kaiwa. Ya gaya wa Malam ba tare da kunya ba cewa shi ba shi da ƙarfin saya wa 'yarsa ko tsintsiya, kuma ya taɓa kai babbar 'yarsa ɗakin da babu komai sai tabarma da alkawari, ga ta can ta dawo da yara biyu. Ba zai maimaita ba. Ya ɗauko takarda ya rubuta abu shida da hannunsa: gado, katifa, durowar kaya, kujeru, fanka, murhun gas. Ya ce shekara ɗaya. In an cika, a zo a yi magana. In ba a cika ba, kowa ya kama gabansa ba tare da an ɓata ba.

Malam ya fito ranar yana murmushi har kunne. Abu shida kawai? Ya zo kantin ya kwafi farashin kowanne, ya zauna a bencin tashar bas ya raba jimlar gida goma sha biyu, ya nuna mata. Sannan ya gano wani abu da ya ƙara masa murna. Kantin yana yi wa duk wanda ya sayi kayan ɗaki gaba ɗaya rangwamen kashi goma, a kuma kai masa har gida kyauta. Don haka ba zai saya ɗaya-ɗaya ba, tarawa zai yi ya kwashe a rana guda.

Auta ta ce masa a'a. Ta ce ya sayi abin da kuɗinsa ya kai duk wata, ko fanka ce, ya ajiye. Ta ce ita ke manna sitikar nan, ta san halinta. Ya yi dariya ya ce a'a 'yar kanti, wannan fa fagensa ne, kashi goma ba wasa ba ce, ya sake zana mata a bayan tikitin bas. Lissafinsa daidai ne, babu kuskure ko ɗaya. Abin da kawai ya manta shi ne lambobin da ke kan allonsa suna tsayawa inda ya rubuta su har a goge, na kanti kuwa ƙafa gare su.

Wata takwas yana tarawa, wata takwas tana ɗora sitika a kan abubuwa shidan nan da hannunta tana dawowa gida da ciwon kai. Ranar da ya saduda, abin da ya tara, wanda a lissafinsa ya isa abu huɗu da ɗoriya, gado da durowa kawai ya ɗauka. Bai ce ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta ce na gaya maka ba. Daga nan ya kama koyar da yaran mutane da yamma, ya sayar da babur ɗinsa ya koma bin bas, ya sayi kujeru, ya sayi fanka, ya sayi murhu. Takalminsa ya sha ɗinki har mai gyara ya ce masa babu sauran wurin sa allura.

Saura katifa. Wa'adin Baba zai cika ranar Lahadi, albashin Malam zai shigo Juma'a, kuma jiya-jiyan nan ya kira ta muryarsa tana rawa don murna, ya ce in albashin ya shigo kuɗin sun cika cif. Sun cika a farashin jiya.

*

Sai bayan azahar ta kai ga katifu. Goma sha ɗaya ne a jingine a sito, kowace cikin ledarta. Ta manna wa goma. Ta tsaya a gaban ta sha ɗaya da sitika a kan yatsarta.

Ta san yadda kantin yake aiki. Farashi yana canjawa fiye da yadda tsohon da ke zaune a teburin kuɗi zai iya riƙewa a ka, don haka abin da ya gani a jikin kaya shi yake rubutawa a rasit, ba ya tambaya. In katifa ɗaya ta fito da tsohuwar sitika, tsohon farashi za a biya, shi ke nan.

Ba ta taɓa ɗaukar ko allura a kantin nan ba. Ta gaya wa kanta wannan ba ɗauka ba ne, jinkiri ne na kwana huɗu. Katifar ai ita ce dai ta jiya, ba a ƙara mata soso ba, ba a canja mata leda ba, a nan ta kwana ta tashi, kawai wani a wani ofis ya ce ta fi jiya daraja. Da wannan hujja ta naɗe sitikar ta tura cikin aljihun jakarta, ta ja katifar da ƙyar ta kai ta bayan kwalayen fanka, ta juya fuskar farashin ga bango.

Da Malam ya kira da yamma ya tambaya ko akwai labari, ta ce babu. Ta ce ya zo Juma'a ƙarfe biyu daidai, lokacin da Manaja yake fita cin abinci, ita za ta fito masa da katifar da kanta. Ya ce me ya sa sai ƙarfe biyu. Ta ce lokacin babu cunkoso.

A gida kuwa babu inda za ta sa kanta. Inna ba ta faɗa, sai dai ta riƙa jona injin markaɗen nan ko babu abin markaɗawa, tana cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo ta kwana biyu musamman don ta tuna wa Auta shekarunta, wai ashirin da takwas ba ashirin ba ce, kuma ita ba ta ga abin so a mutumin da ya fara da babur ya ƙare da ƙafa ba.

Ranar Laraba Yaya, wadda ta dawo gida da yara biyun nan, ta same ta a bayan gida tana wanki, ta ja kujera ta zauna. Ta daɗe tana kallon guntun sabulun da Auta take murzawa kafin ta yi magana.

“Kin san a kan me muka fara faɗa da baban yaran nan?”

Auta ta girgiza kai.

“Ƙwan lantarki. Na ɗaki ya mutu, ya ciro na banɗaki ya sa. Na banɗaki kuma aka ce sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, takalmin makarantar babban ya tsinke. Wallahi Auta ina son mutumin nan kamar raina, amma na wayi gari ina ɓoye masa sabulu a ƙarƙashin kaya don kada ya ƙarar. Ni da nake ajiye masa tsokar da ta fi girma.”

“Malam ba haka yake ba, Yaya.”

“Shi ma wancan ba haka yake ba.” Idanun Yaya suka ciko. “Ba mugunta ce take shiga tsakani ba, ƙanwata. Ƙananan abubuwa ne. Bokiti ya fashe, labule ya yage, kowanne ki ce ai ƙaramin abu ne, ki je saye ki tarar ya zama babba. Ke da kike kantin, ni zan gaya miki?”

Auta ta saki wankin ta fashe da kuka. Ta ce to ita ya za ta yi da ranta? Ta ce mutumin nan ya sayar da abin hawansa, ya rame, yana tsayuwa a gaban allo tun safe har magariba, duk don takardar da Baba ya rubuta cikin minti biyu. In ta juya masa baya yanzu, da wane ido za ta kalli kanta a madubi?

Yaya ta jawo ta jikinta, suka yi kukan tare, ruwan kumfa yana bin ƙafafunsu.

“Ban ce ki bar shi ba,” in ji Yaya da ta sami murya. “Na dai ce ki shiga da idonki a buɗe. Ni a rufe na shiga.”

*

Juma'a ƙarfe biyu saura minti biyar Manaja ya ɗauki makullin motarsa ya fita. Ƙarfe biyu daidai Malam ya turo ƙofar gilashi, cikin rigarsa mai ruwan toka da ya goge ta har ta yi layi, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa. Auta ta shiga sito ta jawo katifar, wani ma'aikaci ya kama mata suka jingine ta kusa da teburin kuɗi. Tsohon ya gyara tabarau, ya leƙa sitika, ya jawo littafin rasit.

“Dakata tukuna, dattijo.”

Manaja ne a bakin ƙofa, makullin yana lilo a yatsarsa. Ashe ko motar bai tayar ba.

Ya tako a hankali ya gaisa da Malam hannu biyu, ya tambayi makaranta, ya tambayi ɗalibai. Sannan ya juyo ga Auta, muryarsa kamar kullum, babu zafi ko kaɗan. Ya ce akwai abin da wataƙila ba ta sani ba, tun watan jiya sitika a ƙirge ake buga ta, daidai da yawan kaya. Ranar Litinin da yamma ya zagaya sito ya ga katifa goma da sabon farashi, a takarda kuma sha ɗaya ne. Bai ce komai ba, don ya san ba za ta rasa dalili ba.

Malam ya dubi katifar, ya dubi Auta.

“Wane sabon farashi?”

Ba ta iya ɗaga kai ba. Manaja ne ya faɗa masa lambar. Ta ga leɓen Malam yana motsi, ta san cirewa yake yi a ka, ta kuma ga lokacin da ya kai ga amsar, don kafaɗunsa ne suka sauka.

“Amma babu damuwa,” in ji Manaja. “Malam, ɗauki abinka a tsohon farashi. Cikon ni zan biya daga aljihuna, yayana ba zai ji ba, ita ma babu abin da zai taɓa aikinta. Ai duk don Auta muke yi, ni da kai.”

Wata mata da ke duba kofuna ta daina dubawa.

Auta ta matso kusa da Malam, ta yi ƙasa da murya, hawaye yana sauka. Ta ce ya karɓa don Allah. Ta ce ko bashi ne ya ɗauke shi a haka, ita za ta biya daga albashinta, jibi ne fa Lahadi. Ta ce shekara guda ta wahalarsa ce a jingine a nan, kada ya bar ta saboda magana ɗaya.

“Tun Litinin kika sani,” in ji shi. Ba tambaya ba ce.

“Na sani.”

“Kika bar ni ina ta murna a waya.”

“Malam, me zan ce maka? In ce maka an sake ƙarawa? Sau nawa na faɗa maka haka a shekarar nan? Kowane karo ina kallon yadda fuskarka take yi. Na gaji da zama bakin da yake kawo maka wannan labarin.”

Ta ga idonsa ya kaɗa ya yi ja, abin da ba ta taɓa gani ba ko ranar da ya sayar da babur.

“Ke da ba ki taɓa ɗaukar allura ba,” ya ce a hankali, “ni na mayar da ke haka.”

Ya mayar da ambulan ɗin kuɗinsa aljihu. Ya yi wa Manaja godiya da ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce shi bai saba kwanciya a kan abin da wani ya cika masa ba. Sannan ya ce wa Auta ta fito da sitikar ta manna, a gabansa, don kada gobe wani ya ce ta ci amanar wurin aikinta saboda shi.

Ta roƙe shi da ido. Bai janye ba. Ta buɗe jaka, ta warware 'yar takardar da ta kwana huɗu a naɗe, ta ɗora ta a kan tsohuwar, ta danna da babban yatsa yadda ta saba. Gam ɗin ya riga ya bushe, gefe ɗaya ya ƙi kamawa, sai da ta danna sau uku.

Ta bi shi har tasha tana kiran sunan da take kiransa. Ya tsaya, amma bai juyo sosai ba. Ya ce ta koma bakin aikinta, yana so ya yi tunani. Bas ta zo ya shiga, ta ga bayan rigar nan mai layin guga ya ɓace cikin mutane.

*

Da la'asar Auta ta iso gida ta tarar da katifar a jingine a bakin ƙofarsu ta waje, cikin ledarta, yaran Yaya suna leƙenta. Inna ta tare ta a tsakar gida da raɗa, ta ce Manaja ne ya zo da motar kanti, ya ce ya biya ta a sabon farashi don a rufe maganar, shi kuma ba shi da abin yi da ita. Ya kuma gaya wa Baba duk abin da ya faru, wai gara ya ji daga bakinsa da ya ji a waje. Baba ya hana a shigo da ita.

Yana zaune a ɗakinsa a kan kujerar ƙarfe, takardar nan mai abu shida a kan gwiwarsa. Auta ta durƙusa daga bakin ƙofa tana jiran tsawa. Tsawar ba ta zo ba.

Baba ya ce yau da safe ya je sayen gilashin tabaraunsa da ya tsage. Ya tafi da abin da ya biya bara har da ƙari, ya dawo da tsagaggen a fuskarsa. A hanya ya yi ta tunanin yaron nan. Ya ce takardar ba ta canja ba, abu shida ne har yau, amma abin da ya nema bara ba shi yake nema yau ba, ya ɗora wa ɗan mutane dutse yana ta ƙara nauyi a kansa shi bai sani ba.

“Abin da kika yi ba daidai ba ne, kuma ke ma kin sani,” in ji shi. “Amma an miƙa masa, ya ƙi. Wannan ya fi mini katifa.”

Auta ta ɗago kai.

“Abu ɗaya ya rage nake so in sani. Mijin yayarki ba don rashi na riƙe shi a raina ba. Da wuya ta yi wuya, shi ya haɗa mata kaya ya ce ta zo gida ta huta, wai don yana tausayinta. Ni ba na son mai irin wannan tausayin. Kira shi yanzu a gabana, ki buɗe murya in ji. Kada ki ce masa ina nan, kada ki ce na ce komai. Ki tambaye shi kawai ko yana nan a kan maganarku. In ya ce yana nan, ko da gado babu katifa, na yaga takardar nan.”

Yaya da Inna sun taru a bakin ƙofa. Auta ta danna lambar Malam. Ta yi ƙara sau huɗu kafin ya ɗauka. A bayansa ana jin hayaniya, wani yana cewa a kama can, a ɗaga a hankali kada madubin ya fashe.

“Malam, kana ina? Ƙarar mene ne wannan?”

“Ina ɗaki. Mai gwanjon kayan gida ne na kira.” Ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. “Kin san wani abu? Durowar nan ya ba ni fiye da yadda na saye ta. Gadon ma haka. Yau ne karon farko da tsadar nan ta yi mini rana.”

Ta dubi Baba. Baba yana kallon ƙasa.

“Ka ce su sauke. Malam, ka ce su sauke yanzu, ka saurare ni.” Ta haɗiye kuka. “Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma don girman Allah ka yi tunani kafin ka amsa. Kada ka yi mini lissafi. Kana nan a kan maganarmu?”

Ana jin ƙarar ƙafar gado tana gogar ƙofa.

“Na yi tunanin, Auta. Tun daga tasha nake yi. In na cike kuɗin katifar watan gobe, ta sake matsawa. In ma na kamo ta, bayanta akwai labule, akwai tukwane, akwai takalman yara. Yau na ga abin da son da kike mini ya sa kika aikata, kuma ban shirya in ga na biyu ba.”

“Ban tambaye ka wannan ba. Kana nan ko ba ka nan?”

“Don ina son ki ne…”

“Malam, kada ka faɗa. Na roƙe ka kada ka faɗa.”

“Na haƙura, Auta. Ki bi maganar Baba, ki huta.”

Yaya ta toshe bakinta da mayafi. Auta ta buɗe baki za ta ce masa Baba yana nan, Baba ya janye, komai ya wuce, amma hannun Baba ya riga ya iso kan wayar. Ya kashe ta a hankali, ya ajiye a kan gwiwarsa kusa da takardar, ya cire tabaraunsa ya share ido da bakin riga.

Sannan ya dubi Inna, ya ce hadari yana haɗuwa, a shigo da katifar nan kada ruwa ya taɓa ta.